Tambur da mashuwar na birkin baya: in sayi sabbi ko a gyara tsofaffin?

Mai Hilux, Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin in zubar da kuɗi. Motata Hilux ce kat-kat mai injin 5L, da ita nake cin kasuwannin ƙauye, Mirya, Matamai, wani sa'in har Tanut. Yau kwana goma birki yana mini wasa. In na taka sai ƙafa ta yi nisa kafin ya kama, birkin hannu kuwa sai na ja shi har maƙura, duk da haka in akwai ɗan gangare sai na sa dutse. Shekaranjiya na ɗauko wake, akuya ta faɗo mini hanya kusa da Takeita, na taka da ƙarfi, sai na ji gindin motar yana neman ya wuce kanta. Allah ya kiyaye, akuya ta sha, ni ma na sha.

Yaron gareji ya buɗe ƙafar baya ta hagu, ya ce mashuwar, wato takalman birki, ta ƙare, tambur kuma, kwanon ƙarfen nan da take gogawa a cikinsa, ya yi zane, in sayo duka sabbi. Na shiga shago an jera mini tambur kala biyu, mashuwar kala uku, mai tsadar ya kusa ninka mai arahar sau uku. Kowanne mai shagon ya ce "mai kyau ne". To wanne zan ɗauka?

Makanike, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ƙafar hagu kaɗai ya buɗe?

Mai Hilux, Garin Malam:
Ita kaɗai, maigida. Ya ce abin da ke hagu shi ke dama.

Makanike, Sabon Gari:
To ka mai da kuɗinka aljihu tukuna. Motar da ta karkace da aka taka birki, ƙafa ɗaya ce ta kama ɗaya ba ta kama daidai ba, ka ga kuwa abin da ke hagu ba shi ke dama ba. A buɗe dama. In tambur ya ƙi fita kada a bi shi da guduma, akwai ramuka biyu masu zare a fuskarsa, a ɗaura ƙusa mai 8 a kowanne a riƙa juyawa bi da bi, zai taso da kansa. In ya cije, a sassauta ajasta, abin da ke matso da mashuwar jikin tambur, ta ramin baya.

Sa'annan ka goge bayan tambur ɗin da kyau, za ka ga rubutu a jikin ƙarfen, iyakar faɗin da aka yarda ya kai. Irin taka mai ƙusa shida, sabo 295 ne a milimita, iyakarsa 297. Ƙananan masu ƙusa biyar 254 ne, iyaka 256. Milimita biyu ne duk rayuwar tambur. Ba ido ke ganinsu ba, ba farce ke jinsu ba, sai an auna.

Tsohon direban Agadas:
Yaro dai yaro ne. Mu da muka yi shekaru muna hawa Agadas tun kwalta tana da kyau har ta mutu, ban taɓa sayen tambur sabo ba ko sau ɗaya. Ana kai shi wurin turnar, mai injin sassaƙa ƙarfe, ya share zanen, a kai mashuwar a buga mata sabuwar garnitir, wato fatar da ke gogar tambur, da ƙusoshin ribe, a ɗaura, sai tafiya. Fijo bashe ma haka muka yi mata har ta tsufa a hannunmu. Ɗana, kada wani ya sa ka sayi abin da ba ka buƙata.

Makanike, Sabon Gari:
Baba, ban musa maka ba, share tambur gyara ne na gaskiya. Amma sau nawa za a share? Kowace shara nama take ci. In ya wuce iyakar nan, ƙarfen ya yi siriri, yana ɗaukar zafi da wuri, yana buɗewa in an taka. Ga kuma wata: mashuwar an lanƙwasa ta ne daidai da 295. In ka sa ta cikin tambur da ya koma 298, tsakiyarta kaɗai ke taɓawa, bakin sama da na ƙasa suna shan iska. Mai mota ya ce ya sa sabon birki amma bai kama, ya dawo ya zagi makanike.

Mai injin tur:
Tunda an ambaci sana'ata bari in sa baki. Maganar Baba da ta maigida duk gaskiya ne, bambancin yana ga mai injin. Wani in ka kawo masa tambur ba zai auna ba, zai ɗora ya ci har sai ya ga fuska ta yi sumul, ya karɓi kuɗinsa. Ni in na auna na ga 296 da rabi kuma zanen mai zurfi ne, ina gaya wa mai shi in na bi zanen nan har ƙasa za mu fita iyaka. Wasu su ji, wasu su ɗauka su kai gaba. Na san inda suke kaiwa, na kuma san ana share musu.

Kuma ba kowane zane ke son tur ba. Ɗan siririn da farce bai maƙalewa a ciki, takardar yashi ta ishe shi. Abin da ba ni da maganinsa shi ne tsaga. In ka ga tsaga ko ta kai gashin kai, ko tabo shuɗi-shuɗi da zafi ya ƙona ƙarfen ya taurare, wannan ya gama aiki.

Hajiya mai motoci biyu:
Ni ba makanike ba ce, amma ni ke biyan kuɗin, don haka ina da ta cewa. Bara an sa wa ɗaya daga cikin motocina mashuwar mai araha, irin wadda ake liƙa garnitir da gam. Ba ta yi wata biyu ba, direba yana dawowa daga Magarya cikin zafin bazara da lodin gyaɗa, garnitir ɗaya ta ɓalle daga ƙarfenta ta cushe cikin tambur, ƙafa ta kulle. Taya sabuwa fil ta tafi, ta goge wuri ɗaya har waya. Na lissafa abin da na rage a mashuwar da abin da na biya na taya da kwanan hanya, sai na yi shiru. Araha ba ta ado. Tun daga ranar na ce wa direbobina a rage mini a fenti, a rage a kujera, ban da birki.

Tsohon direban Agadas:
Ka ji ko? Shi ya sa nake son mai ribe. Ribe bai san zafi ba.

Makanike, Sabon Gari:
Baba, ta kamfani ma liƙe take zuwa, ba ta ɓallewa. Ba liƙin ne laifi ba, wanda ya liƙa ne. Mai ribe kuma tana da nata: in garnitir ta ci ta kai kan ribe, shi ke zane tambur, kuma masu bugawa ba kowa ya san irin garnitir da yake yankowa ba. Wata ta yi tauri kamar dutse ta cinye tambur, wata ta yi laushi ta ƙare a wata uku.

Mai shagon kayan mota:
Salamu alaikum. Na ga ana ta harbinmu a kaikaice, to ga ni. Gaskiya ɗaya ce: mai shago yana ajiye abin da ake saye ne. In na kawo na asali goma, na araha hamsin, na arahar ke riga ƙarewa. Mutum ya shigo ya ce "ba ni na talaka", in na ce masa wannan ba zai riƙe lodinka ba sai ya ga kamar ina son in ci kuɗinsa ne.

Alhaji, ga abin da zan ce maka ko ba wurina za ka saya ba. Kada ka je shago da baki kawai ka ce "Hilux". Hilux iri-iri ce, ta da, da Vigo da ta fito 2004, da Revo ta 2015, kowace da mai ƙusa biyar da mai shida, kuma wurin maƙala sifirin da hannun birkin hannu ba ɗaya ba ne. Ka tafi da lambar shasi mai harafi 17 da ke kan kart giriz, takardar motarka, ka kuma tafi da tsohuwar mashuwar a leda. A ɗora sabuwa kan tsohuwa, rami ya hau kan rami, faɗi ya yi daidai. Lambar kayan Toyota ta mashuwar baya tana farawa da 04495, ta tambur 42431, amma kada lamba a kwali ta ruɗe ka, masu jabu sun iya buga kwali fiye da yadda suka iya narka ƙarfe.

Tambur kuwa, ɗora shi a sikeli. Tsohonka da ya sha aiki in ya fi sabon nauyi, ka san an rage wa sabon nama tun daga wurin zubi.

Ɗan Damagaram a Kano:
In za ka aiko Ƙofar Ruwa a sayo maka, kada ka ce tambur da mashuwar, za su tsaya kallonka. Nan duram suke cewa, da birkishu ko layinin. Na taɓa yawo rabin yini ina neman "aredwil", robar nan mai hana mai zuba, ashe sil ake ce masa. Kuma nan ma kala-kala ne kamar can, ba don ya fito daga Kano ya zama na asali ba.

Mai Hilux, Garin Malam:
Na gode ƙwarai jama'a. Na koma gareji yanzu, na sa an buɗe dama a gabana. Maigida, ka yi gaskiya. Cikin tambur ɗin dama baƙi ƙirin, ya yi danƙo, mashuwar jiƙe sharkaf, da sauran nama a jikinta sosai ma, ba kamar ta hagu da ta kusa kai ƙarfe ba. Yaron ya ce a wanke da esans a mayar.

Makanike, Sabon Gari:
Kada a wanke, kada a mayar. Garnitir tana shan mai kamar yadda ƙosai ke sha. Ka wanke sama ta yi fari, ka yi tafiyar awa ɗaya ta ɗau zafi, man ya sake tasowa daga ciki. Wasu har ƙona ta suke da wuta wai mai ya fita, su kashe gam ɗin da ke riƙe da ita.

Yanzu shinshina man. In yana warin nan mai kauri kamar ruɓaɓɓen ƙwai, man pon ne, ƙarfen nan da ya haɗa ƙafafun baya biyu, aredwil ɗin ƙafar ya saki. In ruwa-ruwa ne mai santsi, ɗaga robar bakin silindar ƙafa ka duba, in akwai jiƙa a ciki man birki ne ke zuba. Duk wanda ya kasance, shi za a fara gyarawa. In ba haka ba, ko mashuwar zinariya ka sa, sati biyu ta koma yadda ka ga wannan.

Mai Hilux, Garin Malam:
Mai warin ne. Har yanzu yana hannuna, sabulu ya kasa.

Makanike, Sabon Gari:
To aredwil ne. Amma kafin a ɗaura sabo, a duba abin shan iskan da ke saman pon, ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai hula. Ƙurarmu ta nan da laka in suka toshe shi, pon ya yi zafi a hanya, iskar ciki ba ta da mafita, sai ta turo mai ta aredwil. Na sha ganin an canja aredwil sau biyu sau uku ana zagin mai shago, alhali hular nan ce ta cushe. A kuma girgiza ƙafar a ji ko rulma, abin da ƙafar ke juyawa a kansa, ta yi wasa, don rulma mai wasa ita ma tana kashe aredwil.

Mai shagon kayan mota:
Allah ya saka maka da alheri, maigida. Yau dai an wanke mu.

Wani malamin asibiti:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Na ga yadda yaran gareji ke yi in sun cire tambur: su sa baki su hure ƙurar, ko su sa iskar kwamfireso, ta tashi ta rufe kowa. Don Allah a daina. Garnitir ta da da asbestos ake yin ta, wasu masu arahar har yanzu ba ka da tabbacin abin da ke cikinsu. Zarensa in ya shiga huhu bai fita, kuma cutar ba ta nunawa sai bayan shekaru masu yawa, har da sankara. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi gaba ɗaya tun 2005. A jiƙa tsumma a goge, ko a zuba ruwan sabulu ƙurar ta kwanta.

Tsohon direban Agadas:
Likita, mun hura ta shekara talatin, ga mu nan.

Wani malamin asibiti:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Yaran dai nake roƙa wa.

Mai injin tur:
Alhaji ya kawo mini tambur ɗin biyu da la'asar, da izininsa nake faɗa. Na dama 296 da ɗigo 1, fuskarsa lafiya, man ma ya hana shi ci. Na hagu 297 da ɗigo 4, kuma in ka auna ta nan ka juya ka auna ta can ba su zo ɗaya ba, ya zama ƙwai. An taɓa share shi, ba sau ɗaya ba. Na hagu ya tafi. Ban taɓa shi ba, ban karɓi ko dala ba.

Mai Hilux, Garin Malam:
Haka aka yi, na gode masa. To yanzu tambaya ta canja. In sayi tambur ɗaya na hagu in bar na dama? Kuɗin da na tanada na mashuwar ne da tambur, yanzu ga aredwil ga man pon sun shigo.

Hajiya mai motoci biyu:
Sayi biyu ka huta.

Tsohon direban Agadas:
Ɗaya ya lalace, a sayi biyu don me? In takalminka ɗaya ya tsinke...

Hajiya mai motoci biyu:
Biyu kake saye, Baba. Wa ke sai da takalmi ƙafa ɗaya?

Tsohon direban Agadas:
Hajiya ta kama ni. Na janye misalin, ban janye maganar ba.

Makanike, Sabon Gari:
Mashuwar dai babu ciniki, huɗun nan tare ake canja su, hagu da dama, kamfani ɗaya, kwali ɗaya. Tambur kuwa abin da ake so su zama kusa da juna a faɗi, don ƙafafun su kama tare. Sabo 295 a hagu, tsoho 296 da ɗoriya a dama, mota za ta tafi, ba zan ce maka ba za ta tafi ba, amma na daman saura ƙasa da milimita ɗaya ya kai iyaka, kuma kai mai lodi ne. Da motar gida ce mai kai yara lakkol da na ce bar shi.

Ni da kuɗina ne, tsakanin sababbi biyu marasa nauyi da na asali biyu okaziyo, wato na hannu, waɗanda aka auna a gabana, okaziyo zan ɗauka. Tambur ƙarfen zubi ne, in bai tsage ba, bai fita iyaka ba, bai zama ƙwai ba, tsufansa ba kome. Abin da ka rage a nan ka zuba shi a mashuwar mai kyau da sabbin sifirin. Mutane na raina sifirin ɗin nan, alhali su ke janye mashuwar in ka ɗaga ƙafa. In zafi ya kashe su, birki ya riƙa gogawa kana tafiya, gazuwal na ƙonewa, tambur na zafi.

Mai shagon kayan mota:
Okaziyo ba a mayarwa fa, Alhaji. Ka tafi da mai awo, kada ka tafi da ido. Ka kuma rataye shi da yatsa ka ƙwanƙwasa da sifana: lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga sai ka ji "kwaf".

Direban wata ƙungiya:
Akwai abin da ban ga an taɓo ba. Alhaji, ka ƙara wa motarka lam, faifan ƙarfen nan masu ɗaukar nauyi a baya?

Mai Hilux, Garin Malam:
Biyu-biyu kowane gefe. Wa ke ɗaukar wake da lam ɗin kamfani?

Direban wata ƙungiya:
To leƙa ƙarƙashi, saman pon, za ka ga wani bawul a jikin shasi da doguwar sanda siririya ta sauko ta kama pon. Aikinsa auna lodi. In mota ta zauna saboda kaya, sandar ta tura shi ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki. In ba kaya ya rage, don kada baya ta kulle ta juya da kai. Da ka ƙara lam mota ta tashi, ko ka yi lodi ba ta zama kamar da, shi kuwa bawul a ganinsa har yanzu wayam take. Sai birkin gaba ya ɗauki aikin kusan duka. In kana yawan canja plaket, takalman birkin gaba, ga dalilin. Sababbi masu ABS, na'urar hana taya kullewa, da yawa ba su da shi, amma irin taka tana da shi.

Mai Hilux, Garin Malam:
Ikon Allah. Plaket kam ina canjawa har na gaji. Na leƙa, sandar tana nan, amma an ɗaure ta da waya a wani wuri, ban san wa ya yi ba, haka na sayi motar.

Tsohon direban Agadas:
Mu cire shi muke mu haɗa tiyo kai tsaye.

Makanike, Sabon Gari:
Baba, don girman Allah kada ka koya musu wannan. Ku kullum cikin lodi kuke, zuwa da dawowa. Shi yana kai wake ya dawo wayam. Ranar da ya taka birki a kan laterit ba kaya, ko kan kwalta bayan ruwan farko, baya za ta riga gaba kullewa, sai ya ga inda ya fito. A daidaita sandar dai gwargwadon yadda motar ta tashi. Kawo ta in gani, Alhaji, ba a gyara wannan ta waya.

Shugaban zaure:
Masu turo tallan fili da na maganin basir a tsakiyar maganar birki, na goge. Na gaba fita zai yi.

Mai Hilux, Garin Malam:
Jama'a, ga yadda aka ƙare jiya. Mun sami tambur biyu okaziyo, mai tur ya auna, ɗaya 295 da rabi, ɗayan ya ɗara shi kaɗan, ya bi su da takardar yashi kawai. Mashuwar na ɗauki ta tsakiya a kuɗi, ba mai tsadar can ba, don aljihu ya yi magana; mun ɗora ta kan tsohuwa ta zauna daidai. Maigida ya shafa mata alli, ya goga cikin tambur, allin ya goge kusan daga baki zuwa baki, ya ce ta yi. An sa aredwil, an buɗe hular pon, wallahi laka ce a ciki ta bushe kamar tubali. Robar da ke toshe ramin ajasta ma babu ita a duka ƙafafun, ta nan yashi ke shiga, ya yanko wata ya toshe.

Ya ce in yi kilomita 200 zuwa 300 ina taka birki a hankali kafin in yi mata lodin gaske, kuma in na ratsa ruwa da damina in riƙa ɗan taka shi ina tafiya har ya bushe. Ƙafa ta dawo sama. Birkin hannu ne dai har yanzu bai gamsar da ni ba.

Makanike, Sabon Gari:
Na gaya maka dalili. Ɗan hannun da waya ke ja a bayan farantin dama ya ci tsatsa ya ƙage, mun jiƙa shi da mai ya kwana. Kuma a motarka jan birkin hannu ne ke sa ajasta ta matso da mashuwar, in ba ka jansa kullum ƙafa za ta sake yin nisa. Ka bar dutsen nan. Gobe da safe kafin rana ta yi zafi ka kawo ta, mu gama da shi da sandar bawul gaba ɗaya.

Hajiya mai motoci biyu:
Maigida, in ka gama da tasa akwai tawa. Yanzu na aika a leƙa, ita sandar ma gaba ɗaya babu.

Tsohon direban Agadas:
Ba ni na cire ba.